Yadda Iyali Za Su Warware Kacici-kacicin Kiɗan Turai na Dauri

A Ingila akwai wani wasa ƙwaƙwalwa da ya daɗe yana tara mutane. Za a jero wa mutum kalmomi uku ko huɗu waɗanda a ido babu abin da ya haɗa su, a ce ya nemo wanda ke ɓoye a bayansu. Shirin Round Britain Quiz na rediyon BBC, wanda ya faro tun 1947, a kan irin wannan tambaya mai harshen damo aka gina shi. Cikin fagagen da masu shirya tambayoyin ke yawan komawa akwai kiɗan Turai na dauri, irin na su Bach da Mozart da Beethoven, domin fage ne da ke cike da laƙabai da lambobi da sunaye masu fuska biyu. Misali a ce muku: agogo, kaza, bankwana. Amsar ita ce Haydn, kuma nan gaba kaɗan za ku ga dalili.

Da yawa suna ɗauka sai wanda ya yi karatun kiɗa ne zai iya wannan wasa. Ba haka ba ne. Abin da ake buƙata shi ne 'yan bayanai da aka riƙe da kyau, da sanin hanyoyin da mai tambaya ke bi daga kalma zuwa suna. Hanyoyin ba su da yawa, kuma gidan da ke da yara 'yan makaranta da manya masu son tarihi ya fi mutum ɗaya saurin gano su.

1. Ku fara sanin abin da ake nema

Kafin kowa ya buɗe baki, a tsaya a tantance: mutum ake nema, ko sunan kiɗa, ko gari, ko shekara? Idan an faɗi adadin haruffan amsa, a rubuta shi a gefe. Haruffa huɗu sun fi karkata ga Bach, tara kuma ga Beethoven ko Prokofiev. Shi ya sa na bar sunayen masu tsara kiɗan a yadda ake rubuta su da Turanci, domin harafi ɗaya in ya canja, lissafi ya rushe.

2. Ku haddace laƙabai

Idan lokacinku kaɗan ne, a nan za ku zuba shi. Yawancin waɗannan kaɗe-kaɗe babu waƙa a cikinsu, sunansu na asali kuwa lamba ce kawai. Simfoni, wato dogon kiɗan da babbar ƙungiyar makaɗa ke yi, akan ce masa na uku ko na tara, shi ke nan. Lamba ba ta zama a ka, sai mutane suka riƙa laƙaba musu sunaye, kamar yadda ɗan dambe ke shahara da kirarinsa har a manta sunansa na yanka. Daga nan mai tambaya ke ɗibar mafi yawan kalmominsa.

Joseph Haydn na Ostiriya ya fi kowa arzikin laƙabi, domin simfoninsa masu lamba sun kai 104. Na 101 shi ne Agogo, saboda wani sashe nasa mai tafiyar agogon bango. Na 83 Kaza, saboda wani sauti mai kama da kyarkyara. Na 100 Soja. Na 94 kuwa Ba-zata, don ana cikin kiɗa mai laushi sai duk makaɗan su buga da ƙarfi a lokaci guda. Na 45, Bankwana, shi ne mai labari. A 1772 yariman gidan Esterházy ya daɗe da makaɗansa a fadarsa ta hutu, nesa da iyalansu, sun gaji kuma babu mai iya faɗa masa. Haydn ya tsara ƙarshen kiɗan yadda kowane makaɗi in ya gama nasa zai hure kyandirinsa ya fita, ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masu goge biyu kawai. Yarima ya gane hannunka mai sanda, ya sallame su. Saboda haka in kun ga kyandir ko kewar gida a tambaya, ku tuna da Haydn.

Beethoven yana da Eroica, simfoninsa na 3, wanda ya yi niyyar sa wa sunan Napoleon. Da ya ji a 1804 cewa mutumin ya naɗa kansa sarki, sai ya goge sunan da ƙarfi har takarda ta huje. Na 6 shi ne na Karkara. Kiɗansa na fiyano mai lamba 14 kuma shi ake kira Hasken Wata. Schubert yana da Kifi, yana da Wanda Ba a Gama Ba, simfonin da ya bari da kashi biyu cikakku maimakon huɗu. Dvořák ya rubuta Sabuwar Duniya a Amurka a 1893. Handel ya yi Kiɗan Ruwa, wanda aka kaɗa wa Sarki George na Ɗaya a kan kogin Thames a 1717, ya kuma yi kiɗan bikin wasan wuta a 1749. Bach yana da wata waƙa ta raha a kan shan gahawa. Vivaldi limamin coci ne mai jan gashi, shi ne mai Lokuta Huɗu na Shekara. Chopin yana da Ɗigon Ruwa, kuma masu tambaya suna son labarin gawarsa: an binne shi a Faris a 1849, amma aka kai zuciyarsa Warsaw, babban birnin ƙasarsa.

Da yawan laƙaban nan ba masu kiɗan ne suka sa su ba. Hasken Wata, alal misali, wani marubuci Ludwig Rellstab ne ya jawo shi. Wannan bai dami mai tambaya ba, kada ku ma ya dame ku.

3. Kada a yanke hukunci da kalmar farko

Nan ne aka fi faɗuwa, musamman yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da ke son riga kowa. Ƙwararren mai tambaya yakan fara da kalmar da ke da ƙofa biyu, kalma ta biyu ko ta uku ce ke nuna wadda za a shiga.

Wata na iya zama Beethoven, yana iya zama Debussy na Faransa, domin shi ma yana da kiɗan fiyano mai wannan suna a Faransanci. Jufita, wanda malamai ke kira Mushtari, laƙabin simfonin Mozart na 41 ne, kuma sashe ne a cikin kiɗan Gustav Holst a kan taurari. In aka haɗa shi da bakwai, Holst ne, domin taurari bakwai ya yi wa kiɗa: ya bar duniyarmu, Pluto kuwa ba a gano shi ba sai 1930. Kurma kowa zai ce Beethoven, amma in an ƙara kogi, to Smetana ne na ƙasar Cek, wanda ya kurmance a 1874 sannan ya rubuta kiɗansa a kan kogin Vltava. Shekarar 1685 mutum uku ta haifa: Bach da Handel da Domenico Scarlatti. Ta 1813 kuwa Verdi da Wagner. Sunan Strauss ma tarko ne. Johann Strauss na Vienna shi ne mai kiɗan kogin Danube, Richard Strauss na Munich kuma wani ne daban, ba su da dangantaka ta jini, ga shi kuma wani fim ɗin Stanley Kubrick na 1968 a kan tafiya sararin samaniya ya yi amfani da kiɗan dukkansu biyun.

Dokar da nake ba da shawara a kafa a gida ita ce, duk wanda ya kawo amsa sai ya bayyana yadda kowace kalma ta shiga cikinta. In ɗaya ta ƙi shiga, amsar ba ta zauna ba.

4. Ku tambayi ma'anar sunan, ku kuma furta shi da baki

A Jamusanci Bach rafi ne, Strauss kuma jimina ko damin furanni. Verdi a Italiyanci daga kalmar kore yake. Smetana a harshen Cek kirim ɗin madara ne. Waɗannan huɗu sun isa a fara da su.

Tunda yawancin tambayoyin da Turanci ake shirya su, akwai kuma wasa da sauti. Sunan Handel yana fita kamar kalmar Turanci ta mariƙin ƙofa, na Haydn kamar ta ɓuya, na Liszt kamar ta jerin sunaye. Ido ba ya kama wannan, kunne ke kamawa. Idan tambaya ta cije, a sa yaron da ya fi kowa Turanci ya karanta ta da ƙarfi, sau biyu ko uku.

5. Ku shiga kan mai tambaya

Tambaya mai wuya ba ta tafiya kai tsaye, tsalle biyu ko uku take yi. Babu inda za a koyi wannan kamar wajen Edward Elgar na Ingila, wanda shi kansa masoyin kacici-kacici ne. A 1899 ya fitar da kiɗan da ake kira Enigma, wato abin da ke ɓoye. Karin sauti ɗaya ya ɗauka ya juya shi sau 14, kowane juyi yana siffanta wani na kusa da shi, bai kuma rubuta cikakkun sunayensu ba sai haruffa ko laƙabi. Na farko matarsa ce, na ƙarshe shi kansa. Na 11 yana ɗauke da haruffan wani abokinsa, amma abin da ake ji a ciki karen abokin ne ya faɗa kogi yana iyo.

Juyi na 9 shi ya fi shahara, sunansa Nimrod. Mu da muka tashi da ƙissoshin Annabawa, da mun ji Namarudu hankalinmu zai tafi ga sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim, alaihissalam. Baturen Ingila na zamanin Elgar ba can hankalinsa ke zuwa ba. A Baibul an siffanta Nimrod da gawurtaccen maharbi. Elgar yana da amini, August Jaeger, ma'aikaci a kamfanin da ke buga ayyukansa, kuma Jaeger a Jamusanci maharbi ke nan. Ga sarƙar: maharbi, Jaeger, Nimrod, Elgar. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin wasan, domin darasin shi ne a tambayi abin da kalma ke tuna wa mai tambaya a ƙasarsa da tarbiyyarsa, ba abin da take tuna mana ba.

Wasu alamomin Elgar: hotonsa ya taɓa kasancewa a takardar fam 20, kuma ana kaɗa Nimrod a Landan kowace Nuwamba a ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Ya ce akwai wani karin sauti da ke ɓoye a bayan kiɗan gaba ɗaya, ya rasu a 1934 bai faɗe shi ba, har yau masana ba su daidaita a kan amsa ɗaya ba.

6. Lamba da harafi ba sa zuwa a banza

Ku riƙe adadin simfonin manyan: Beethoven 9, Dvořák 9, Brahms 4, Sibelius 7, Shostakovich 15. Harafin K a gaban lamba yawanci Mozart ne, domin Ludwig von Köchel ne ya jera ayyukansa a 1862, lamba ta ƙarshe a jerinsa kuma 626 ce, kiɗan addu'ar mamaci da mutuwa ta riske shi a kansa a 1791 yana da shekara 35. BWV na Bach ne, D na Schubert.

Lambar 1812, sunan wani kiɗan Tchaikovsky, tarko ce. Ba shekarar rubuta kiɗan ba ce, shekarar da Napoleon ya kai wa Rasha hari ce. Tchaikovsky sai 1840 aka haife shi, ya rubuta kiɗan a 1880, da harbin igwa a cikinsa.

Wadda na fi so ita ce ta harafin V. A lambobin Romawa V biyar ne. Simfonin Beethoven na 5 yana farawa da bugu uku gajeru da ɗaya dogo. A tsarin Morse na tangaraho kuma, gajeru uku da dogo ɗaya shi ne harafin V, harafin farko na kalmar nasara a Turanci da Faransanci. Shi ya sa BBC ta riƙa amfani da wannan bugu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Beethoven bai san da haka ba, ya rasu a 1827 kafin a ƙirƙiri tsarin Morse. Dace ne kawai, amma kalmomi kamar tangaraho, nasara, biyar duk gare shi suke komawa.

Jamusawa suna kiran sautukan kiɗa da haruffa har da H, saboda haka ana iya kaɗa sunan Bach, sautuka huɗu, kuma shi kansa ya yi hakan. In aka lissafa haruffan da matsayinsu, 2 da 1 da 3 da 8, za a sami 14. Shostakovich ma ya sa hannu a kiɗansa da DSCH. A Italiya kuwa, lokacin fafutukar haɗe ƙasar, ana rubuta sunan Verdi a bango, alhali haruffan biyar suna tsaye ne a madadin sunan Vittorio Emanuele da sarautar da ake so ya hau.

7. Ku fara da abin da kunnenku ya riga ya sani

Kun san wannan kiɗa fiye da yadda kuke zato. Taken gasar Zakarun Turai, wanda samari ke ji a gidajen kallon ƙwallo, Tony Britten ne ya tsara shi a 1992 bisa kiɗan da Handel ya yi wa naɗin Sarki George na Biyu a 1727, kiɗan da aka sake rerawa a naɗin Sarki Charles a 2023. Karin taken ƙasar Jamus na Haydn ne, tun 1797. Taken Tarayyar Turai daga simfonin Beethoven na 9 aka ciro shi. Ƙarar wayar Nokia da kowa ya sani, wani yanki ne na kiɗan gita da Francisco Tárrega na Sifen ya rubuta a 1902. Fim ɗin Tom and Jerry na 1947 da kyanwar ke kaɗa fiyano, kiɗan Liszt ne.

Masu son karatu kuma suna da nasu rabo. Rimsky-Korsakov na Rasha, wanda hafsan sojan ruwa ne, ya tsara Scheherazade a 1888 a kan Dare Dubu da Ɗaya, goge guda yana tsayawa a matsayin muryar mai ba da labarin, har da jirgin Sindbad a ciki. Aida na Verdi, wasan kwaikwayo ne da ake yi da waƙa, labarin gimbiyar Habasha da aka kama a Masar, an fara nuna shi a Alƙahira a 1871. Wasu na cewa don bikin buɗe mashigin Suez aka yi shi. Kuskure ne, mashigin tun 1869 aka buɗe shi.

8. A bar wa yara dabbobi

Kiɗa biyu za su wadatar da su. A labarin Peter da Kyarkeci na Prokofiev, 1936, kowane ɗan wasa yana da abin kiɗansa: tsuntsu sarewa, agwagwa obo mai muryar algaita, kyanwa kilarinet, kaka basun mai kauri, kyarkeci ƙahoni uku, harbin maharba kuma tambura. A Bikin Dabbobi na Saint-Saëns, 1886, akwai zaki da kaji da kunkuru da giwa da jakuna, kashi 14 gaba ɗaya. Kunkuru wani kiɗan rawa ne mai tsananin sauri na Offenbach aka ja shi a hankali ƙwarai. Yaro ɗan shekara takwas yana iya riƙe waɗannan a zama biyu, kuma ranar da ya riga babansa amsa, ba zai ƙara barin wasan ba.

9. Littafi ɗaya, waya a aljihu

A sami littafin rubutu na gida, kowane mai kiɗa da shafinsa: ƙasa, shekarar haihuwa da ta rasuwa, laƙabai, da labari guda. Yara su riƙa rubutawa da hannunsu. Waya kuwa kada a taɓa ta sai an yi minti goma sha biyar ana gwadawa, kuma ko a lokacin, a yi amfani da ita wajen tabbatar da zato, ba wajen neman amsa ba. In an gaza, sai a bi al'adarmu ta kacici-kacici, a ba mai tambaya gari kafin ya faɗa. Sai dai a nan ya kamata garin ya zama na fagen: Salzburg ta Mozart, Bonn ta Beethoven, Leipzig inda Bach ya ƙare rayuwarsa. Wanda ya ba da garin ya nuna shi a taswira.

10. In an warware, a saurara

Ba na son wasan ya tsaya a haddar sunaye. Wanda ya ji tafiyar Agogo da kunnensa ba zai ƙara manta lambar 101 ba. Hanya mafi sauƙi ta nema a intanet ita ce sunan mai kiɗan da lamba, kamar Haydn 45, kuma minti uku sun isa. Na san akwai gidajen da ke da iyakarsu game da sauraron kiɗa, wasu ayyukan kuma na ibadar coci ne. Kowane maigida da uwargida sun san abin da ya dace da gidansu, kuma wanda ya zaɓi ya tsaya ga tarihi da taswira da lissafi, wasan zai tafi masa daidai.

11. Ku shirya naku

Bayan 'yan makonni, kowa ya riƙa kawo tambaya ɗaya daga littafin gida, kalmomi uku, ta farko mai ƙofa biyu, ta ƙarshe mai rufe gardama. Sharaɗi ɗaya ne: kowace kalma ta zama gaskiya da za a iya tabbatarwa, domin tambayar da aka gina a kan kuskure zalunci ce ga mai amsawa.

Ga uku ku gwada yau bayan an ci abincin dare. Ta farko: ruwa, wuta, ƙwallon ƙafa. Ta biyu: rafi, gahawa, 14. Ta uku: jirgin ruwa, goge, 1001. Amsoshin duka suna cikin abin da kuka karanta, saboda haka iyaye ku karɓe wayoyi, ku bar ƙaramin gida ya fara.